Mutumin da Mansur ya buɗe wa shingen tumaki

Jama'a, wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake, na saba ji, amma wallahi tallahi a kan idona abin nan ya faru, shekarar korona, ina karatu a Kuala Lumpur, ina zaune a unguwar Danau Kota da iyalina. Babbar Sallah ta matso, an ɗan sassauta kulle, sai Mansur, wani ɗan garinmu da ke unguwar Taman Melati, ya ce ya san wani tsoho mai kiwon tumaki can bayan gari, mu je mu zaɓo rago da kanmu.

Muka ɗau hanya da hantsi a motarsa, kwalta ta ƙare, muka faɗa jar hanya cikin itatuwan kwakwar manja, tafiya ake ba gida ba mutum, har muka tarar da shingen waya da ya fi ni tsayi, an binne gindinsa a ƙasa saboda karnukan daji masu haƙa su shiga. Tsohon ya riga ya ja wa Mansur kunne a waya: ku shiga ku rufe, kada ku buɗe wa kowa sai na dawo daga masallaci.

Muna cikin duba raguna sai ga mutum tsaye a bakin ƙofa, dogo, ƙafa ba takalmi, fuska da takunkumi. Ko sallama babu. Ya nuna sakata ya ce, "Boleh?" wato a buɗe masa. Tumakin nan duk suka cure a lungu, tsit. Ni abin da ya tsaya mini a rai, takunkumin nasa shiga yake yana fita da sauri-sauri, irin hakin kare a rana.

Na ce, "Mansur, kada ka buɗe."

Ya ce, "Haba, kai komai tsoro! Mai aikin tsohon ne." Ya zare sakata, don taurin kai.

Mutumin ya wuce mu, yana wari kamar jiƙaƙƙen buhu, ya zagaya bayan rumfa. Ta ɗaya gefen kuwa, innalillahi, jan kare ne ya fito, ya dira kan wata tunkiya mai ciki ya yage mata wuya. Kafin mu rarumo sanda ya kayar da wata, ya fice ta ƙofar da gogan ya bari a buɗe. Na leƙa bayan rumfar, ba kowa, kuma babu wata mafita.

Tsohon ya dawo ya durƙusa kan tumakinsa. Bai ko tambayi kamannin mutumin ba, cewa kawai ya yi da guntun Turancinsa, wa ya buɗe masa? Ya nuna mana hanya. Haka muka yi Sallah ba rago.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe, a gaban mutane a shagon mamak, wato wurin shan shayi, Mansur ya buɗe baki ya ce kare ne kawai ya shigo, ba wani mutum, zaman kulle ne ya taɓa mini kai. Aka kwashe da dariya. Shi da ya kasa riƙe sitiyari a hanyar dawowa sai ni na tuƙo mu! Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma don Musulunci.

Ni dai shawarata, in mai wuri ya ce kada a buɗe, ku bar masa ƙofarsa a rufe, ko da rana tsaka ce, ko da wanda ke tsaye yana magana kamar ni da ku. Allah Ya tsare mu da abin da ba mu sani ba.