Ajiyar Labo a Cikin Randa

Na daɗe ina shakkar ko wannan abu ya isa a rubuta. A 1993 na dawo gida bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a Faransa, na tarar kowa zancen zaɓe yake yi, tutocin jam'iyyu har a jikin amalanke. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wani mutumin roba ne da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, a rumfar mai faci a Cadawa.

Sunan mai facin Nomau. Rumfarsa na bakin kwalta, kusa da inda motocin Maraɗi ke tsayawa. Da facin keke ya fara tun yana saurayi, daga baya ya ƙara da babur da amalanke. Ba shi da yawan magana. Ranar da tayar babur ɗina ta sace, ina zaune ina jira, sai na ga ya buɗe wata tsohuwar randa ya ciro abin, ya dudduba shi, ya mayar.

Na san irinsa. A Amirka aka yi su wajen 1976, don yara. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, kansa na roba mai tauri, jikinsa kuwa roba ce mai laushi da aka ɗura wa maɗin masara. In ka ja hannunsa sai ya yi ta miƙewa, in ka saki ya koma a hankali. Yawancinsu yara sun fasa su, sauran zafi ya lalata. Da yaran suka girma suka yi kuɗi, sai suka dawo suna neman ƴan kaɗan da suka rage. Wani Bature abokin karatuna yana da uku a akwatin gilashi, ba ya bari a taɓa.

Na Nomau kuwa faci ne ko'ina.

A zuwana na uku ya ba ni labarin. Yayansa Labo dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ya zo babbar salla a 1979 da abin a jaka, ya ja shi a tsakar gida har maƙwabta suka taru. Da zai koma ya miƙa wa Nomau ya ce, “Ajiye mini, ɗana zan ba.” Lokacin ko aure bai yi ba. A 1983 aka kori baƙi daga Najeriya. Nomau ya yi mako uku yana duba duk babbar motar da ta sauke mutane a Cadawa. Labo bai sauko ba. Babu wasiƙa, babu kuma wanda ya zo da labarin rasuwa.

Da bazarar shekarar hammatar mutumin robar ta tsage, maɗi ya fito, kiyashi suka yi masa rubdugu. Nomau ya yi abin da ya iya. Ya yanko robar cikin taya, ya kankare, ya shafa sholisho, ya manna. Da abin ya rame, ya jiƙa ƙaro ya ɗura masa. Ya sa shi a randa don sanyi, ya zagaye gindinta da toka.

Direbobi sun raɗa masa suna Ɗan Takara. Wani Yahaya, mai motar Gazawa, ba ya wucewa sai ya leƙo.

“Nomau, yau wace jam'iyya mutuminka yake?”

“Wadda ta ja shi.”

“To a gaya masa bayan zaɓe ya koma yadda yake, kar ya ba mu kunya.”

Nomau bai yi dariya ba. Yana kankare faci.

Na ɗauki hoton abin na aika wa abokin nan nawa Bature. Amsa ta zo bayan mako shida. Ya ce facin ya kashe shi, masu tara irinsa ba sa son wanda aka gyara. Amma kan lafiya lau yake, kuma zai saya ya ɗora a wani jiki. Abin da zai biya ya isa injin ba taya iska. Nomau famfon hannu yake bugawa, kafaɗarsa ta dama kuma ta fara ƙi.

Na karanta masa wasiƙar da azahar. Matarsa Mairama ta kawo fura, ta tsaya ta ji.

“A cire kan mana, Malam,” ta ce. “Liman ma ya faɗa maka, in babu kai ba gunki ba ne. Ka huta, mu huta.”

Nomau ya ciro mutumin. Ya kama kan da yatsu biyu ya ɗan murɗa, robar wuyan ta bi hannunsa. Ya tsaya a haka. Wata mota ta wuce da lasifika tana kiran sunan jam'iyya. Sai ya saki, wuyan ya koma a hankali.

“Ɗan lakol,” ya ce mini, don haka yake kiran ɗan boko irina, “duk jikin nan aikina ne. Kan kaɗai ya rage yadda ya ba ni shi.”

Ya mayar da shi randa ya rufe. Mairama ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Wani ya turo keke, Nomau ya jawo famfo da hannun hagu.

Na jira ya gama, sannan na tambaye shi.

“Baba Nomau, kana tsammanin zai dawo?”

“A'a,” ya ce. “Amma bai ce in daina ajiye masa ba.”