Kujerar da Baba Ya Ba Alhaji Sule

Wata Asabar cikin Oktoban 1983, ina 'yar shekara goma sha biyu, na tsaya a wani filin ciyawa a Summerfield, can ƙasar waje inda muke zaune, riƙe da fensir da agogon Mama, ina kallon motarmu tana fita babu ni a ciki. Ganyen itatuwa ya yi jawur, dawakan gonar da ke kusa sun leƙo ta saman shinge.

Motar wata 'yar tsohuwa ce mai kujeru biyu kacal, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba yana karatu a jami'a lokacin, ya tsinto ta a bayan gidan wani maƙwabcinmu a East Greensboro, kyanwa har ta haihu a cikinta. Mama ta raɗa mata suna Akwala. Shekara guda muka kwashe a kanta ni da shi. Ina dawowa daga makaranta zan yi wanke-wanke a gurguje, in share ganyen ƙofar gida, in ruga gareji in miƙa masa sifana, in wanke notuna da kananzir har farcena ya yi baƙi ƙirin. Ran da injin ya tashi, Mama ta rangaɗa guɗa, ta manta cewa ba ta ƙaunar motar.

Sai Baba ya ji labarin gasar tsofaffin motoci. Ba gudu ake yi ba. Hanyoyin ƙauye ake bi, na kusa da direba yana karanta takardar hanya yana duban agogo, yana faɗin inda za a karya kwana. Baba ya ce wannan kujerar tawa ce. Duk Lahadi muna fita gwaji, ina ihun "Left, Baba, left!" shi kuma yana dariya yana cewa, "Da Hausa dai, uwar gida."

Ranar gasar muna da baƙo, Alhaji Sule, wani dattijo da ya zo daga Kano ya sauka gidanmu. Kallo kawai ya biyo Mama ya yi. Ya zagaya Akwala, ya shafa ta, ya ce, "Kai, Malam Bashir, mota ta yi kyau." A wurinmu babba ba ya yaba abinka ka yi shiru, dole ka yi masa tayi. Baba ya buɗe ƙofa ya ce, "Bismillah, Alhaji, ai wurinka ne." Na san jira yake Alhaji ya ce a'a. Alhaji ya tattare babbar riga ya shige. Baba bai yarda mun haɗa ido ba, hannu kawai ya miƙo ya zare takardar daga hannuna.

Sai da kowa ya watse suka dawo, sun ɓata hanya, Alhaji na dafe da ciki. A gida abin ya zama na dariya. Mama ta ce, "Ke yarinya ce, akwai baɗi." Kafin baɗin aka haifi ƙanena, Baba ya sayar da Akwala, kuma bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Abin da ya fi ƙona mini rai sai da na girma na ji shi, a wajen wani suna, daga bakin Alhaji Sule kansa: "Wallahi ban so shiga ba, kara na yi wa babanki." Wato babu wanda ya so kujerar nan sai ni, ni ɗin kuma aka hana.

Yanzu ina da tawa 'yar tsohuwar motar mai kujeru biyu a gidana na Sedgefield, 'yata Zainab ke karanta mini hanya. Bara, safiyar gasa, Baba ya dogaro sandarsa ya fito, ya shafa motar ya ce ta yi kyau. Bismillah ta zo mini har baki. Na ga Zainab ta saki ƙofa ta sunkuyar da kai. Na ce, "Sai mun dawo, Baba." Ta madubi na hango shi tsaye a kan ciyawa yana ɗaga hannu, ban kuwa ji daɗin da na daɗe ina zato ba. Har yau kujerar ɗaya ce, dole a bar wani a tsaye.