Makanikin Gurguzu a Siton Wendover

Malam Nouhou mutumin arewacin Benin ne. A wata masana'antar sabulu ta gwamnati ya fara aiki, zamanin da ƙasar ke bin gurguzu. In inji ya lalace a lokacin, takarda ake rubuta wa minista, kayan gyara su iso bayan shekara biyu in sun ga dama. Nan ya koyi cewa ko ƙusa ba a yarwa. Da guntun waya da tsohuwar taya ya riƙe injuna tara, har gwamnati ta ba shi takardar yabo.

Da aka koma tsarin kasuwa aka sayar da masana'antar. Sabon mai ita ya zagaya sau ɗaya, ya kira 'yan gwangwan suka auna injunan a kilo. Nouhou ya yi kuka a bakin ƙofa, bai ɓoye ba.

Yau yana ƙasar waje, a birnin Greensboro, shekararsa sittin da uku, yana aiki a wani sito a titin Wendover inda ake tara kayan da masu saye suka dawo da su. Aikinsa ya manna wa fanka ko tukunyar lantarki jar takarda, a kai wa injin murƙushewa. Da inshorar aikin nan matarsa Fourera ke samun allurar ciwon suga.

To, hali zanen dutse. Fankar da kusan lafiyarta ƙalau, ina zai iya bari a murƙushe ta? Lokacin cin abinci sai ya kwance ta, ya gyara, ya mayar da ita kan kantar kaya yana jiran yabo.

Ran nan manajar siton ta ce ya zo ofis washegari da safe. Da ya gaya wa Fourera a gida, ta dafe kai.

"Haba Malam! Patron mai kamfani ya ce a fasa, ka fasa mana. Kamfanin gadonka ne? Insulin ɗina fa?"

Da safe ya tafi ofis. Manajar ta ce laifin na kora ne, don in fankar ta ƙona gidan wani, kamfani za a kai kotu. Amma ta ga gwanintar hannunsa, kuma injin murƙushewar kullum cikin lalacewa yake. Zai karɓi aikin kula da injin, ko zai ajiye katin aiki?

Ya tuna da Fourera, ya karɓa.

Tun daga ranar injin bai ƙara tsayawa ba. Fanka ɗari biyu yake ci a yini, Nouhou na gefe yana ɗiga masa mai.