Na Tsaya wa Inna a Ka

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu yake ci mini rai, jama'a ku taya ni dubawa.

Ina aiki a Fatakwal, mahaifiyata Inna tana cikin birnin Katsina. Akwai wata manhaja a wayata da ake yawon gari da ita: ka sa tabarau na musamman, ka waiga ko'ina kamar kana wurin, ka danna kibiya ka yi gaba. Wani bawan Allah ya ɗauki hoton unguwarmu ya ɗora a manhajar, har lungun gidanmu. Kullum na tashi aiki sai na leƙa, in ji kamar na je gida. Ƙanwata Hadiza kuwa ta ishe ni da waya, wai idon Inna yana ta yin ƙasa, in ina so ta gan ni to in zo yanzu. Ni kuma ina ta cewa sai hutu.

To a mafarkin, ga ni a bakin lungunmu, rana tsaka, amma ba zafi, ba ƙamshin ƙosan da ake soyawa a kwana. Mai faci yana nan da tayar keke a hannu, ya daskare. Na yi masa sallama, ko motsi. Na ɗaga ƙafa zan taka, sai na ga ashe ba ni da ƙafa, wata farar kibiya ce kawai kwance a ƙasa. Na danna, na yi gaba. Na sake dannawa, sai kawai na gan ni a bakin teku a wata ƙasa, wata murya tana yi mini tallan otal. Haushi ya kama ni, na yi ta dannawa kamar mai kashe kiyashi.

Sai kawai ga ni a tsakar gidanmu. Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ita kaɗai ke motsi a duk garin. An shafe fuskarta, yadda manhajar take shafe fuskar masu wucewa. Na so in cire takalmi in durƙusa, abu ya gagara. An kafe ni a sama, ina kallon tsakiyar ɗankwalinta. Tun da nake ban taɓa gaishe ta a tsaye ba.

Ta ce, "Wane ne wannan ya tsaya mini a ka?"

Na ce, "Inna, ni ne, Bashir."

"Bashir ɗina ba ya gaishe ni daga sama. In kai ne, sauko in shafa kanka."

Ta miƙo hannu tana lalube a iska. Na nemi kibiyar da za ta kai ni ƙasa, babu, daga gaba sai baya. Ina cikin nema wani allo ya rufe ta, wai in ba wannan ziyara maki da taurari.

Nan na farka, wuyana ya riƙe. Abin da ya fi ba ni takaici, kafin in yi tunanin kiran Hadiza, yatsana ya riga ya buɗe manhajar. Na rufe, na kira, ba ta ɗauka ba.

Masu sanin fassara, don Allah ku gaya mini: Inna ce take kirana tun da sauran lokaci, ko ana nuna mini na riga na makara?