Inda Baffa Yake Fita Daga Silima

Jawo kujera ka matso nan kusa da hita, sanyin garin nan ba ya jin lallashi. Akwai abin da nake so in gaya maka, kuma ni ba gwanar rubutu ba ce, a aji huɗu aka cire ni, saboda haka yadda zancen ya zo min a baki haka zan zuba shi.

Warin man zafi ne ya tayar da maganar. Jikana na fari, ɗan 'yata da nake zaune a wurinta a nan unguwar Parkchester, a ƙasar Turawa, yana kokawa a makarantarsu. Irin tasu ce, ta kan tabarmar roba, da wasu takalma marasa nauyi da matsattsiyar riga. Rannan ya dawo daga gasa bai ko yi sallama ba, ya zuba takalman da rigar a baƙar ledar shara, ya ƙulle bakinta, ya jingine ta a bakin ƙofa. Da ya gifta ni sai warin man da suke shafawa a kafaɗa ya cika falon.

Na ce, "Angona, sababbin takalma a shara? Ko amaryar taka za ka saya wa wasu da kuɗin?"

Bai yi dariya ba. Da Turanci ya amsa, kamar yadda duk suke yi, ni kuwa kunnena ya fi bakina jin Turanci. Ya ce an kada shi gaban kowa, ya daina. Ya ce kocinsu ya gaya musu duk wanda bai zo atisaye ranar Asabar ba, za a ba wani gurbinsa, to a bayar.

Na ce, "Don kaye ɗaya?"

Ya ce, "Ba ke kika ba ni labarin Baffanki ba? Sau ɗaya aka kada shi, bai sake shiga fage ba. Haka ma Mai Sarƙa."

Ni ɗin ce kuwa na ba shi labarin, tun yana goye.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne. Lokacin da na yi wayo a gidanmu na Kano, a shagon da ke jikin zaure na same shi, yana dakon buhunan gyaɗa. Kafin nan, a ƙauyenmu, ɗan kokawa ne. Kaka, uwar su Baffa, ta ce idan aka gama girbi aka kafa fage, tun daga nesa makaɗa suke sauya kiɗa in sun hango shi. Shekara da shekaru bayansa bai san ƙasa ba. Sai wata shekara bayan girbi wani saurayi baƙo, wanda ko kirari ba shi da shi, ya ɗauke masa ƙafa. Baffa ya tashi ya kaɗe ƙura, ya kwance layunsa da walkinsa ya miƙa wa Kaka, ya hau motar birni. A kokawarmu haka dokar take: da zarar bayanka ko gwiwoyinka sun taɓa ƙasa, wasa ya ƙare, ba a ƙara ko numfashi ɗaya a kai. Shi dai Baffa ya ɗauki dokar ta wuce fage.

Ban taɓa jin ya yi zancen ranar ba. Abin da na sani shi ne da sanyi ya shigo yakan zauna a rana a bakin shago yana murza man zafi a kafaɗar dama, kuma walkin yana can ƙasan adakar Kaka har ta rasu.

Abin da ya rage masa shi ne silima. Mahaifinmu ba ya son ko jin sunanta, yana cewa matattarar 'yan iska ce. Mu mata kuwa, manya da yara, ko hanyar ba ma bi. Amma washegarin duk ranar da Baffa ya je, bayan la'asar, sai ya shigo tsakar gida da sallama wai ya zo karɓar ruwan sha. Inna tana suyar ƙuli-ƙuli, Kaka tana kaɗi, mu muna ɓarar gyaɗa. Inna za ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "To ƙanin miji, jiya wa aka kashe?" Shi ke nan, an buɗe silima a gidanmu, ba ƙofa ba tikiti.

Ba ya jin Turanci, ba ya jin Indiyanci. Duk maganar da 'yan fim suke yi shi yake ƙera musu ita, da Hausa tsantsa, har da ashar in Kaka ta tashi alwala. Sunayensu ma shi yake raɗa musu. Akwai wanda yake kira Ɗan Ruwa, wani Bature da yake yawo a daji ba riga, wanda aka ce asalinsa gwanin ninkaya ne kafin masu fim su ɗauke shi. Akwai Mai Hular Kwano, akwai wata mai kuka da ya sa wa Idon Albasa. Baffa yana yin ƙarar kofaton doki da harshe, yana yin bindiga da tafin hannu a cinya, yana busa kiɗan fim ɗin da baki tun daga farko. Ni kuwa duk abin da ya shiga kunnena ya zauna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin tafasasshen man gyaɗa tare da harbin 'yan kaboyi.

Amma gwarzonsa Mai Sarƙa ne. Wani bawa ne a zamanin da, mai sarƙa a wuya, aka shigar da shi wani fili mai rairayi gaban sarki, aka ce in ya kada ƙaton sarkin, wanda Baffa yake kira Mai Sanƙo, za a 'yanta shi da mutanensa. Baffa yakan ce, "Sauran duk wasa suke. Wannan ɗan fage ne, dubi inda yake ajiye ƙafa." Sai ya miƙe ya gwada mana tsayuwar, zanin Inna na shanya ya zama Mai Sanƙo. Su kama, su saki, su zagaya. Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Mai Sanƙo ya shammace shi, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ƙasa, bayansa ya kwanta sosai a kan rairayi.

Baffa sai ya koma ya zauna, ya ɗauki moɗa ya sha ruwa.

Mu ce, "Sai me, Baffa?"

Ya ce, "Sai na ɗauki hulata na fito. An yi kaye."

Ranar farko Inna ta share ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne. Kaka ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Duk lokacin da aka dawo da fim ɗin Baffa sai ya je, kuma duk zuwan a wuri ɗaya yake fitowa. Haka na girma da labarin Mai Sarƙa a matsayin labarin baƙin ciki. Haka na ba 'ya'yana, haka na ɗauko shi a jirgi na kawo wa jikoki, ban rage ban ƙara ba.

To jikan nan nawa sai ya ɗauka ya yi nasara, ya ce bari ma ya nemo fim ɗin in gani da idona. Na ce ban san sunansa ba. Ya ce a wayar nan ba a buƙatar suna. Na riƙa faɗa masa sarƙa, rairayi, sarki a kan doguwar kujera, ƙato mai sanƙo, yana rubutawa. Ya jona wayar da talabijin. Ashe irin waɗannan finafinan sun fi a ƙirga, duk maza ne ba riga suna zare ido. Ya sa ɗaya, ya ce wannan ne? Na ce ina zan sani, ni da ban taɓa ganin fuskar mutumin ba? Ya sa wani, ya sa wani. Sai na ce masa ya bar nuna min tsakiya, ya riƙa sa farkon kowanne, na kuma rufe idona.

Can sai ga busar Baffa ta fito daga bango. Ita ce, har inda take hawa ta karye ta sauko. Su da kakaki da ganguna suka yi tasu, shi da leɓe biyu, amma ko gargada babu tsakani. Na ce, "Tsaya nan."

Fim ne baƙi da fari, yana ɗan rawa. Mai Sarƙa bai kai girman da na ba shi a raina ba, kuma yana da wani gashi a kwance luf kamar an shafa masa man shanu. Jikana ya duba waya ya ce ai mutumin zakaran kokawa ne na gaske a ƙasarsu kafin ya shiga fim, kuma ya daɗe da mutuwa. Maganganunsu kuwa, da yaron ya riƙa fassara min, ba su kama ƙafar na Baffa daɗi ba.

Aka zo fili. Suka kama, suka saki, suka zagaya. Mai Sanƙo ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Wallahi sai na ji hannuna yana laluben mayafi, ina shirin miƙewa in duba tukunya.

Jikana ya ce, "Kaka, ina za ki? Dubi layin nan na ƙasa, ko rabi ba a yi ba."

Na koma na zauna. Mai Sarƙa yana kwance, sarki yana dariya, wata yarinya tana rufe fuska. Sai ya dafa rairayi da hannu ɗaya. Ya durƙusa. Ya miƙe. Ba wanda ya shiga tsakani, ba wanda ya ɗaga hannun Mai Sanƙo, kiɗa ma ƙaruwa ya yi. Aka sake kada shi, ya sake miƙewa. Daga ƙarshe shi ya kada ƙaton, aka sare sarƙar, har da aure a ciki.

Rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Jirgin ƙasa mai lamba shida ya wuce can nesa. Yaron ya ce, "Ke nan Baffa bai san ya tashi ba?"

A nan wata magana ta faɗo min, wadda ta daɗe ajiye a kunnena ban san inda zan sa ta ba. Wata rana an aike ni, ina cikin zaure, na ji telan ƙofar gidanmu yana tsokanar Baffa. Ya ce, "Kai dai ɓarnar tikiti kake. Ka zauna mana ka ga ƙarshe, ai tashi yake yi." Baffa yana wanke ƙafa da buta, bai ko juyo ba. Ya ce, "A garinsu."

Na gaya wa yaron haka, yadda na ji. Ya ce, "To wa ya yi daidai?" Na ce ni tuwo zan ɗora. Ban ce masa ya koma ba, ban ce kada ya koma ba. Abin da kawai na yi, da uwarsa ta dawo daga asibitin da take aiki za ta fita da shara, na ce ta bar wannan ledar, ba tata ba ce.

Ranar Asabar da safe ina kan sallaya na ji motsin leda a bakin ƙofa. Ƙullin ya yi tauri, na ji yana fama da shi, daga baya ya yage ta. Ya leƙo ɗakina da jaka a kafaɗa. Wannan karon da Hausa ya yi magana, irin tasa mai tuntuɓe.

Ya ce, "Kaka, a garinmu ana tashi."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, angona. Ja min ƙofar."

Ya fita, warin man zafin ya zauna tare da ni. Garinmu, in ji shi, kuma ba Kano yake nufi ba. Ban ji haushi ba, a nan aka yanke masa cibiya. Silimar da Baffa yake zuwa an ce min yanzu shaguna ne, shi kansa ya daɗe a ƙasa, kuma ban san hannun da walkin ya faɗa ba. Ba na ganin ya yi mana ƙarya. Ya faɗi abin da ya yarda ya gani, ya ɗauki hularsa.

Sai dai ƙanwar yaron nan ta fara wayo, kuma jiya ta hau cinyata ta ce in ba ta labarin Mai Sarƙa. Na ce mata gobe. To goben ta zo, nan da anjima motar makaranta za ta sauke ta. Kai da ka ji duka, gaya min: in na zo inda bayansa ya taɓa rairayi, in ɗauki moɗa in sha ruwa kamar Baffa, ko in ci gaba?