Wankan da Aka Hana Ni a Sabon Gari

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Zariya daga Funtuwa, ni da ƙanwata. Surukina ne ya bugo waya cewa ɗiyata ta sauka, an samu namiji, amma bakwaini ne. Direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan albasa, kuɗin mota kuma ya kusa ninka na bara. Daga Giwa har Shika masara ce kore shar, sai dai hankalina ba ya kanta.

A Samaru muka sauka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, loma ɗaya sai ka nemi ɗan'uwansa. Ɗalibai na ta wucewa, rabin zancensu Hausa, rabi Turanci. Muka hau Keke Napep, muka bi ta Kwangila, muka gota Dogarawa, sai ga mu a wani ƙaramin asibiti cikin Sabon Gari.

Na tarar da jaririn kwance a ƙirjin uwarsa, daga shi sai hula, an lulluɓe su da zane ɗaya, ko wanka ba a yi masa ba. Raina ya ɓaci. Jikoki tara na wanke da hannuna, a unguwarmu ni ake kira. Na ɗauke shi, na ce ƙanwata ta nemo ruwan zafi.

Sai ga nas ɗin ɗakin, 'yar Kudu ce haihuwar Sabon Gari, Hausarta tas. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama bayan hannuna ta ɗora a cikinsa, sannan a tafin ƙafarsa. Cikin da ɗumi, ƙafar sanyi ƙalau.

"Mama, kin ji? Daga ɗauke shin nan ne. Irinsu sanyi ke kashewa. Jikin uwarsa ne wutarsa, wanka sai ya yi ƙwari."

Ta mayar da shi, ta gyara masa kama nono, ta ce kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Cibiya ma ta hana a gasa, ta ba mu maganin shafawa. Ƙanwata na ta ƙunshe dariya. Kafin azahar ƙafar ta yi ɗumi.

Kwana huɗu muka yi, ni ma har na ɗaura shi a ƙirjina uwar ta huta.

A motar dawowa na yi kuka. Ɗana na biyu bakwaini ne, safe da yamma muke masa wanka cikin damina don ya yi ƙiba, kwana biyar ya koma. Na san kwana ne ya ƙare, amma da na samu mai kama hannuna haka, da na so. Mun iso gida lafiya bayan la'asar. Abin da na koyo shi ne daɗewa ana yin abu ba ya nufin an iya shi. Ana nan za a sake kirana wankan jariri, kuma zan ce musu a jira.