Wankan Mavis

Shekara ashirin da shida Lorraine Pettifer ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a Burrandool, ba ta taɓa jefa ɗan kowa a rami ba. Rabin garin a bayan kujerarta suka girma suna jifan juna da ɓawon lemo. Amma wai ita ce aka wayi gari ana kira ɓarauniyar ruwa. Kai, mutane ba su da kunya!

Tun mijinta na da rai take kiwon mesa, da lasisinta da komai. Mavis sunanta, shekara goma sha tara suna tare. A shekara ta uku da ake fari, da dam ya koma laka, tanka ke kawo ruwa ana ƙayyade wa kowa nasa, Mavis ta yi sati bakwai ba ta yi kashi ba. Cikinta wajen wutsiya ya kumbura ya yi tauri, ɓera ma ta daina kallonsa.

Likitan dabbobi ya ce ta waya bushewa ce. A jiƙa ta cikin ruwan ɗumi minti ashirin kullum, a riƙa murza cikin a hankali zuwa wutsiya. In an kwana goma shiru, sai tiyata a birni, tafiyar awa biyar, kuma a shekarunta ba lallai ta farfaɗo ba.

Lorraine ba ta roƙi kowa ba. Wankanta ta daina. Tsumma take jiƙawa ta goge jiki, ruwan wankan kuma ta juye a baho a baranda, ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, ta sa Mavis.

Maƙwabcinta Des Hoolihan ya leƙo ta shinge, ya kira ta da laƙabinta. "Loz, fulawowina sun mutu, ke kina yi wa tsutsa wanka?"

"Tsutsar nan ta fi ka hankali, tsohon banza. Ba ta leƙen gidan mutane."

Sai ya kai ƙararta.

Rana ta tara da fara jiƙa Mavis jami'ar ƙaramar hukuma ta zo da takarda a hannu. Kerryn ce, wadda Lorraine ta yi shekara shida tana kaiwa makaranta.

"Misis Pettifer, ki yi haƙuri, an ce kina ɓarnar ruwa. Dole ki dakatar da bahon nan har mu bincika."

"Ba zan dakatar ba. Ga mitar ruwa can, je ki karanta. In kuma ba ki yarda da ita ba, matso ki shinshina ni, 'yar nan. Ke da kika yi mini amai a mota sau uku, wari ba baƙonki ba ne."

Kerryn ta je ta dawo tana sosa ƙeya. Ko rabin kasonta matar ba ta taɓa ba. Des daga shinge ya ce ai shi abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Lorraine ko kallonsa ba ta yi ba. Tana durƙushe, gwiwoyi na ciwo, babban yatsanta na bin cikin mesar. Can ƙasan ranta lissafin gobe take, da wannan doguwar hanya. Sai ta ji taurin ya motsa. Mavis ta ɗaga wutsiya, ta sako wani farin dunƙule mai tauri kamar alli, sannan kayan sati bakwai suka biyo baya. Kerryn ta toshe hanci da takardar ƙarar.

"Yawwa, tsohuwata," in ji Lorraine. "Rubuta wannan ma, Kerryn."

Ta ɗauraye Mavis ta mayar da ita akwatinta. A fari ba a zubar da ruwa a banza, don haka ta kinkimi bahon ta juye a gindin lemonta, wanda ke jikin shingen Des, daidai tagar kicin ɗinsa. Ta shige ciki ta yi wanka.